Masu Kula da Laburaren Makaranta Sun Koma Ɗaukar Karatu

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata sana'a wadda mutane da yawa suke tsammanin ba ta da wuya, watau aikin kula da laburaren makaranta. Galibi in an ce mai laburare, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wani malami mai shiru-shiru, zaune bayan tebur, yana buga hatimi a bangon littafi, yana tsawata wa yara su bar surutu. To, a ƙasar Amurka wannan sana'a ta sake kama ƙwarai cikin shekara 30 da suka wuce, har waɗanda suka yi furfura a cikinta suka koma ɗaukar karatu kamar sababbin shiga. Garin da za a ɗauka misali shi ne Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa.

Greensboro birni ne mai mutum wajen 300,000 bisa ƙidayar 1 ga Afrilu 2020, kuma ba baƙon suna ba ne ga mutanen Nijar, gama akwai Hausawa da Zabarmawa masu yawa da suka yi ƙaura suka zauna can, 'ya'yansu kuwa a makarantun garin suke karatu. Akwai wani babban titi da ake kira Wendover, wanda ya taso daga wajen garin High Point ta kudu maso yamma, ya ratsa birnin, ya fita ta gabas. Wanda ya bi shi daga wannan kai zuwa wancan ya ga Greensboro iri biyu. Ta yamma manyan kantuna ne da wuraren sayar da motoci jere da juna. Ta gabas kuwa tsofaffin unguwanni ne, inda baƙaƙen fata suka fi yawa tun zamanin wariya, inda kuma samun intanet mai ƙarfi a gida bai zama ruwan dare ba kamar na yamma. Duk makarantun gwamnati na wannan yanki suna ƙarƙashin hukuma ɗaya ce, ta gundumar Guilford, wadda aka kafa a 1993 da aka haɗa hukumomi uku wuri guda. Tana riƙe da makarantu fiye da 120 da yara wajen 70,000, masu harsunan gida fiye da 100. Ga yaron da babu kwamfuta a gidansu, laburaren makaranta shi ne ƙofarsa, mai laburare kuwa shi ke riƙe da mabuɗi.

Jihar ta daɗe da ɗaukar wannan aiki da muhimmanci. Tun 1930 ta naɗa wata mace, Mary Peacock Douglas, ta zama mai duba laburaren makarantu na jihar duka, ta yi shekara 17 tana wannan zagaye. A zamaninta kayan aikin mai laburare ba su da yawa: akwatin kati mai aljihuna, inda kowane littafi ke da katinsa, da tsarin lambobin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya raba ilmin duniya gida 10. Da Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, suka yi doka a 1958 suka zuba kuɗi a kan koyar da kimiyya, sai majigi da faifai da rakoda suka fara shiga makarantu. Ina za a ajiye su? Sai laburare. Wa zai koyi sarrafa su? Sai mai laburare. Daga nan ne ma sunan aikin ya sauya, har yau a Karolina ta Arewa sunansa na hukuma yana nufin mai haɗa kan littattafai da sauran kayan isar da ilmi. Ba a kuwa ba mutum lasisin wannan aiki sai ya yi digiri na biyu, irin wanda ake yi a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke nan Greensboro.

Amma duk wannan sauyi wasa ne in an gwada da abin da yanar gizo ta kawo. Ga yadda abin yake. Intanet hanya ce wadda ta haɗa kwamfutoci na duniya da juna, ta waya da igiyoyin gilashi da ke kwance ƙarƙashin teku. Yanar gizo kuwa, wadda wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara a 1989, dabara ce ta ajiye rubutu a kan waɗannan kwamfutoci, a ba kowane shafi adireshinsa, a kuma ɗaura shafi da shafi yadda mai karatu zai tsallaka daga wannan zuwa wancan da taɓawa ɗaya. A 1996 majalisar Amurka ta yi dokar da ta rage wa makarantu da laburare kuɗin jawo intanet, ragin kuwa daga kashi 20 har kashi 90 cikin 100, gwargwadon talaucin yaran makarantar. Kafin a jima kusan kowace makaranta ta samu.

Da fari yanar gizo kamar allon sanarwa take: ƙwararru kaɗan ke rubutawa, sauran jama'a sai dai su karanta. Wajen 2004 al'amari ya juya. Aka sami shafuffukan da kowa zai iya rubutu a ciki ba tare da ya san harshen kwamfuta ba. Wani irin shafi mutum ɗaya ke rubuta labarinsa kullum, mutane su yi masa sharhi. Wani irin kuma, wanda ake kira wiki, mutum ɗari za su iya gyara rubutu guda, na'urar tana riƙe da kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, yadda in wani ya ɓata sai a komo da na jiya. Kundin Wikipedia, wanda aka fara a 2001, a kan wannan dabara aka gina shi. Sai ga yara 'yan shekara 13 suna shiga waɗannan wurare suna fita kamar kasuwar garinsu, alhali malamin da aka ɗora wa koya musu neman ilmi bai taɓa leƙawa ba.

Maganin da ya fi shahara daga jihar nan ya fito. A birnin Charlotte, wajen mil 90 kudu maso yamma da Greensboro, wata ma'aikaciyar laburaren gari mai suna Helene Blowers ta ga ba za ta iya tara ɗaruruwan ma'aikata a aji ta koya musu ɗaya bayan ɗaya ba. Saboda haka a watan Agusta 2006 ta tsara wani shiri wanda aka fi sani da Abubuwa 23. Ta rubuta ƙananan ayyuka guda 23, ta raba su cikin mako 9, kowa ya yi a lokacin da ya samu. Yau a ce ka buɗe shafinka na kanka. Gobe a ce ka ɗora hoto a Flickr. Jibi ka gyara layi ɗaya a wiki, ko ka nemo wani fim mai amfani a YouTube. Kowane aiki ka gama, sai ka rubuta a shafinka abin da ka gane da abin da ya gagare ka, abokan aikinka su karanta su taimaka. Babu jarrabawa, babu malami tsaye a kanka. Wanda ya kai ƙarshe a ba shi 'yar ƙaramar na'urar sauraron waƙa tukwici.

Abin da ya sa shirin ya ci nasara bai wuce abu biyu ba. Na ɗaya, ya cire kunya. Babban mutum wanda ya shekara 20 ana tambayarsa yana ba da amsa, ba ya son ya zauna gaban yaro ya nuna bai san inda ake latsawa ba. Amma in shi kaɗai ne a ofis da asuba, ya ɓata ya gyara, babu mai dariya. Cikin halayen da shirin ya roƙi ma'aikata su riƙe, na ƙarshe shi ne wasa, watau a taɓa na'ura ba tare da tsoron za ta lalace ba, yadda yara ke yi. Na biyu, matar ta bar shirin kyauta, kowa ya kwafa ya gyara. A 2007 ƙungiyar masu laburaren makarantu ta jihar Kalifoniya ta sake masa tsari domin makarantu, daga nan ya bazu jiha jiha, ya ƙetare teku har Ostareliya da ƙasashen Turai. A 2009 ƙungiyar masu laburaren makarantu ta Amurka duka ta fara fid da jerin shafuffukan da suka fi amfani ga koyarwa kowace shekara, a watan Nuwamba na shekarar kuwa a Charlotte ta yi babban taronta.

Sai dai akwai abin da ba a hango ba. Littafi in an saya an saya ke nan, yana nan a kanta shekara 50 in gara ba ta ci shi ba. Kayan yanar gizo kuwa aro ne, mai abu yana iya karɓe abinsa ran da ya ga dama. Google Reader, wanda dubban masu laburare suka koya domin tattara labarai wuri ɗaya, an rufe shi ran 1 ga Yuli 2013. Wikispaces, inda malamai suka tara aikin ajinsu na shekara da shekaru, ya rufe wa makarantu ƙofa a 2018, kowa ya yi ta kwashe kayansa kamar mai gudun ambaliya. Da yawa daga cikin Abubuwa 23 na asali yau babu su. Waɗanda suka haddace wurin latsawa kaɗai, karatunsu ya bi ruwa. Waɗanda suka gane yadda ake tunkarar sabon abu, su suka tsira da riba, gama wanda ya iya hawan keke ɗaya ba ya tsoron wani.

Darasi mafi tsada kuwa a Greensboro kanta aka koye shi. A watan Disamba 2012 gundumar Guilford ta ci gasar gwamnatin tarayya ta dala miliyan 30, tana cikin wurare 16 kaɗai da suka samu. Aka yi shawara a ba kowane yaron makarantar midil allon lantarki nasa, watau kwamfuta mai faɗi kamar allon karatu, fuskarta gilashi, ana rubutu a kai da yatsa. Aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Amplify, aka raba alluna wajen 15,000 a farkon shekarar karatu ta 2013. Ba a yi wata biyu ba sai da gilasan kimanin 1,500 suka fashe, watau ɗaya cikin goma, sa'an nan wata caja ta yi zafi har ta narke. A farkon Oktoba shugaban makarantun gundumar, Maurice Green, ya ba da umurni a tattara allunan duka. Aka dawo da shirin a 2014 da wasu alluna masu ƙwari, amma a 2015 kamfanin ya bar sana'ar allo gaba ɗaya. Almajirin Kano zai yi murmushi a nan, don nasa allon na itace ne, ya faɗi sau ɗari bai fashe ba, ruwa kaɗai yake bukata a wanke.

Ba wai na'urar ba ta da amfani ba ne. Abin da ya bayyana shi ne, sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi. Bayansa akwai lissafin wa aka ba wace, da caji, da gyara, da koya wa malamin aji abin da zai yi da ita in ya shiga darasin tarihi ko lissafi. A makarantun Amurka da yawa wannan kaya a kan mai laburare yake sauka, har wasunsu suna kukan cewa an mai da su masu gyaran na'ura, lokacin karanta wa yara littafi ya ƙare a neman caja. Kukan nan yana da tushe. Ga shi kuma ana rage su: wani bincike da Keith Curry Lance da Debra Kachel suka fitar a 2021 ya nuna masu laburaren makarantu a Amurka sun ragu da wajen kashi 20 cikin 100 a cikin shekara 10, kuma makarantun talakawa ne suka fi rasa su.

To, in ba gyaran na'ura ba, mene ne ainihin abin da ake so mai laburare ya koya, ya kuma koyar? Amsa ta fito daga Jami'ar Stanford. A watan Nuwamba 2016 wani malami, Sam Wineburg, da abokan aikinsa suka ba da sakamakon gwajin da suka yi, inda suka tattara amsoshi 7,804 daga ɗalibai a jihohi 12. Aka nuna wa 'yan midil shafin wata jarida, aka ce su raba labari da talla. Fiye da kashi 80 cikin 100 suka ɗauki tallar da aka yi wa rigar labari a kan labari ne na gaskiya, ko da yake an rubuta a kanta cewa biya aka yi. Ashe saurin yatsa daban, hankali daban.

A shekarar da ta biyo suka sake wani gwaji mai ban sha'awa. Suka kawo malaman tarihi 10 masu digirin dakta, da ɗaliban jami'ar 25, da mutum 10 waɗanda sana'arsu ita ce tantance labari a gidajen jarida. Aka ba kowa shafuffuka, aka ce ya faɗi wanne ne abin dogara. Malaman tarihi da ɗalibai da yawa suka tsaya a kan shafin, suna karanta shi daga sama har ƙasa, suna duban kyan tambarinsa da tsabtar Turancinsa, aka kuwa ruɗe su. Masu tantance labari ba su yi haka ba. Da sun ga shafin da ba su sani ba, sai su bar shi nan take, su buɗe wasu shafuffuka a gefe, su tambaya: su wane ne waɗannan, wa ke ba su kuɗi, me wasu suka shaida a kansu? Cikin ɗan lokaci sun gano gaskiya. Wannan dabara ana kiranta karatun gefe, ita ce kuwa masu laburaren makarantu da yawa suke koyarwa yanzu. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi a Sakkwato ko Zariya ba zai ji ta baƙuwa ba. Su ma ba su karɓar magana don daɗinta. Sai sun bincika wa ya faɗa, daga wa ya ji, me kuma sauran malamai suka sani game da halinsa.

Har wa yau dole mai laburare ya san doka. Wata ta 2000 ta wajabta wa duk makarantar da ke cin ragin kuɗin intanet ta sa matata, watau na'urar da ke tare shafuffukan batsa. Matatar kuwa ba ta da wayo sosai, wani lokaci takan tare darasin lafiya don ta ga sunan wata gaɓa ta jiki, sai mutum ya sa baki a buɗe. Wata dokar ta 1998 ta hana kamfanoni tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da shekara 13 sai da yardar iyaye. Saboda haka kafin a ce wa aji su shiga wani sabon shafi na kyauta, sai an karanta sharuɗɗansa, a ga me yake ɗiba daga yaran a madadin kuɗi.

Ranar gwaji ta zo a watan Maris 2020, sa'ad da annobar korona ta sa gwamnan jihar, Roy Cooper, ya rufe makarantu daga ran 16 ga wata. Dare ɗaya karatu ya koma gida. A nan bambancin gabas da yamma na titin Wendover ya fito fili, har hukumar Guilford ta sa na'urar intanet a cikin motocin ɗaukar 'yan makaranta, ta kai su unguwanni ta ajiye, yara su matso kusa su sauke aikinsu. Makarantar da ke da wanda ya riga ya saba da littattafan lantarki da darasi ta bidiyo ta sami mai jan gora. Wadda ba ta da shi ta sha wuya.

Ba a gama hutawa ba sai ga ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022. Wannan na'ura an ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta bi wace, saboda haka takan jera magana sumul kamar ta masani. Amma ba ta da ma'aunin gaskiya a cikinta, takan ƙaga sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta ba shi marubuci da shekara. Masu laburare suna cikin waɗanda suka fara gane haka, don su ake zuwa wa da sunan littafin a ce a nemo. A watan Janairu 2024 ma'aikatar ilmi ta Karolina ta Arewa ta fid da jagora ga makarantu a kan yadda za a yi aiki da irin waɗannan na'urori, sai aka koma aji kuma.

Ƙasar Hausa ba ta rasa nata labarin ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da masu laburare tun 1968, amma makarantun firamare da sakandare masu laburare na sosai, da mutumin da aikinsa ke nan, kaɗan ne. A 2007 an gwada raba wa yaran wata firamare a ƙauyen Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari. Yaran suka iya su cikin 'yan kwanaki, amma aka yi fama da wutar caji da gyara, aka kuma tarar wasu suna leƙa shafuffukan da ba su dace ba, sai daga baya aka sa matata. Kusan abin da ya sami Greensboro ne bayan shekara 6, illa dai can kuɗin ya fi yawa.

Abin lura ga shugabannin makarantu a Kano ko Maraɗi shi ne, sassan wannan aiki da suka fi daɗewa suna amfani su ne mafi araha. Shirin Abubuwa 23 bai bukaci gini ko baƙon ƙwararre ba, malamai goma da wayoyinsu na hannu za su iya tsara irinsa, su ɗauki abu ɗaya kowane mako. Karatun gefe kuwa ana iya koyar da shi da saƙon WhatsApp guda ɗaya, irin waɗanda ke yawo ana cewa a tura wa mutum goma: a sa yara su nemo wa ya fara faɗa, yaushe, wace kafa ce kuma ta tabbatar. Inda intanet ba ta kai ba, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Kiwix, wadda aka fara a 2007, da ke ba da dama a kwafe Wikipedia a ɗan katin ajiya irin na waya, har da ta Hausa, a karanta ba tare da sayen data ba. Kati ɗaya ya isa a zuba wa kowace kwamfuta da ke makarantar, sai dai a tuna a sabunta shi duk sa'ad da wani ya shiga birni.